Jikanka Ba Ya Shan Madarar Shanu

Sabon Gari, Zariya
Yuli, 1976

Zuwa ga Bappa,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, da Inna da mutanen ruga duka. Maigidana yana wurin aiki a Samaru, yana gaishe ka.

Jaririna, mai sunanka, ya rayu, alhamdu lillahi. Bakwaini ne, ya kwanta a kwalba, aka yi masa aiki a hanji. Kafin a sallame mu nonona ya ƙafe. Na ɗan rame, amma ba komai.

Mun ji labarin karsanar da ka ba shi, Allah ya ƙara arziki. Sai dai kada ka aiko da madara. Ko ta gwangwani ya sha, sai borin jini da amai. Likita ya ce akan samu haka ga jariran da hanjinsu ya wahala. Bafulatani guda, Bappa!

Maƙwabciyata Scholastica, matar Shekari, ita ke shayar da shi tare da 'yarta Winifred. Na ce da me zan biya ta, ta ce, "Haba Zubaidatu, sayar da nono ake yi?"

Don haka jikokinka biyu ne yanzu. In karsanar ta haihu, maraƙin na Winifred ne.

'Yarka,
Zubaidatu