Sanyin da Na Yi wa Baba Alkawari

Mararaba, Janairu 2013

Yaya Nababa,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Mariya da yara da duk mutanen Dutsin-Ma. Matata Lubna tana gaishe ku. Takarda na rubuto maimakon waya saboda Baba. Ƙodarsa ce ta gaza, kunnensa kuwa garau yake, ko a banɗaki na yi raɗa sai ya ji.

Jikinsa da sauƙi, amma ya fara zancen komawa gida. Ba wankin ƙodar ne ya ishe shi ba, hanyar ce. Kafin mu kai asibiti sai mun ratsa Nyanya mun hau tudun Kugbo, motata kuma da rana ta take sai ta riƙa ja da ƙyar, dole in kashe esi, na'urar sanyin, kafin ta hau. Baba sai ya yi ta haɗa gumi a baya. Ka san a gida babu injin wanki, kuma likita ya gaya mini abin da hakan ke nufi ba tare da kwana-kwana ba.

Na gano matsalar. Motar mai tobo ce, wato matso wa injin iska ake yi da ƙarfi, iskar kuma sai ta ɗauki zafi, ƙarfin injin ya ragu. Akwai wani abu kamar ƙaramin lagireto da ke sanyaya ta, ana ce masa intakula. Wanda Turawa suka sa ɗan mitsitsi ne, don sanyin garinsu aka yi shi. Zan zana babba in kai wa masu walda na Apo a haɗa mini. Na san dariya kake yi. Tun da na shiga ma'aikata injiniyancina bai wuce kai fayil daga tebur zuwa tebur ba, to yau ga ranarsa. Na yi wa Baba alkawarin zai riƙa zuwa asibiti cikin sanyi, ya ce zai jira ya gani.

Ƙaninka,
Zulkifilu

Mararaba, Fabrairu 2013

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Yaya Mariya? Allah ya ƙara sauƙi.

Aiki ya yi. Na farkon da Musbahu mai walda ya haɗa, da muka hura masa iska muka tsoma a baho, sai kumfa ta ko'ina kamar rariya. Na biyu ya riƙe. Mun kafa shi a gaba, bayan bamba, ya cika hancin motar taf. Na sa ma'aunin zafi a mashigar iska da mafitarta, ina tuƙi Lubna tana karanto mini, tana mitar ba don wannan aka aure ta ba.

Lahadi bayan asuba muke gwaji a titin filin jirgi, don sauran ranakun ofis da asibiti sun cinye, kuma a lokacin titin fayau yake. Yaya, iskar tana fita da sanyi sosai, esi a kunne mota tana gudu kamar sabuwa. Baba da kansa ya fito da sanda ya shafa ƙarfen. Kai shaida ne tun da na fara aiki magatakarda yake ce mini, ranar ya ce injiniya. Ban ɓoye maka ba, sai da na juya baya na share ido. Zancen gida ya mutu.

A gaida kowa.
Zulkifilu

Mararaba, Maris 2013

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu nan sai godiya, amma ka karanta wannan kai kaɗai tukuna.

Ranar Talata mun fita da rana tsaka. Wata tankar mai ta lalace a tudun Kugbo, hanya ta cushe tun daga Nyanya. Muna tsaye allurar zafin inji ta fara hawa. A nan na gane abin da na yi. Intakulata a gaban lagireto take, ga kauri ga faɗi. In ana gudu iska na ratsa su duka, in an tsaya kuwa fanka ba ta iya jawo ta. Ni da kullum a cunkoso nake kwana nake tashi, ban taɓa gwada ta a cunkoso ba.

Na kashe esi, a banza. Tururi ya turnuƙe, inji ya buga. Ni da wasu masu tallan ruwa muka ciccibi Baba zuwa inuwar wani kiyos, ya yi ta amai. Babu motar da ke motsi, shi kuma ba zai iya zama a kan acaɓa ba. Da muka isa an riga an ɗora wani a injinsa. Sai washegari aka wanke shi, ƙafafunsa sun kumbura suntum.

Da ya zage ni da na ji daɗi. Bai yi ba. Kirana ya yi ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Zulkifilu, Allah ya yi maka albarka. Amma ba zan mutu a bakin titi mutane suna leƙena ta tagar mota ba. Kira mini yayanka."

Na ce zan ɗauki shatar tasi, na ce zan kama mana ɗaki kusa da asibiti. Lubna ta durƙusa tana kuka, limamin unguwa ma ya zo. Ya ƙi. Tsoro nake ji, Yaya, kuma ba na iya haɗa ido da shi.

Ka taho cikin makon nan, zan tare ka a tashar Utako. Kada ka zo da niyyar lallashi, ya gama magana. Ka sa a share ɗakinsa, ka kuma aika wa su Gwaggo, duk mai son ganinsa kada ya ce sai bayan kasuwa.

Ƙaninka,
Zulkifilu