Ladanin da Aka Sa Sansanar Bakin Direbobi

Wudil, Disamba 1956

Zuwa ga Malam Babba, mai ba da shawara,

Don Allah ka taimake ni. Na shiga wani hali da ba zan iya faɗa wa kowa a garin nan ba, don kowa ya san ni, yawancinsu ma da muryata suke tashi daga barci. Ni ladan ne a wani masallacin unguwa.

Akwai wani Alhaji a nan mai manyan motoci, suna ɗaukar gyaɗa da mutane zuwa Kano. Da damina ɗaya daga cikinsu ta gogi ƙarfen gada, har wani mutumin Lajawa ya faɗo ya karye a cinya. Aka yi ta raɗe-raɗin cewa direbobi suna shan giya. Sai Alhaji ya kafa doka, ba direban da zai karɓi makulli da safe sai ya hura baki a fuskar wani amintacce, in an ji warin giya a hana shi mota. Da aka zo neman amintacce, Alhaji ya ce ai ga ladan, mutumin da bai taɓa kusantar giya ba tun da aka haife shi. Kowa ya yaba da zaɓen. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba.

Sai da na tsaya a tasha direba ya wangale mini baki, sannan na tuna ban san warin giya ba. Ko kalarta ban sani ba. Na ji goro, na ji taba, na ji daddawar miyar jiya, na gyaɗa kai kamar na san abin da nake yi. Haka muka yi ta tafiya har kaka ta shigo.

A cikinsu wanda ya fi sauƙaƙa mini aiki shi ne Bilya. Kullum bakinsa cike da kanumfari, rigarsa sai ƙamshin turare. Ga ladabi, yakan gaishe ni sau biyu a tsayuwa ɗaya, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, wadda ta daɗe da rasuwa. In muna magana yakan jingina da mota. Shi ne ya gogi gadar, amma ya ce akuya ce ta gifta.

Sai Ƙasimu, mutum shiru-shiru, a bayana yake sallar asuba. Wata Juma'a, ranar kasuwa, ya hura mini wani wari mai kaifi da ya hau mini har ƙwaƙwalwa, idona ya kawo ruwa. Ban taɓa jin irinsa ba, sai na ce a raina to yau ga ta. Har wani daɗi na ji, don aikin ya fara nuna amfani. Na faɗa da ƙarfi a gaban fasinja cewa giya ce, Alhaji ya karɓe makulli. Ƙasimu ya rantse haƙori ne ke damunsa, maganin kanti ya ɗiga a auduga ya cusa, ya nuna kuncinsa a kumbure. Mutane suka ce ai giya ma tana kumbura fuska.

Yanzu yana zaune a gida, ba mai ba shi mota, a kasuwa ana nuna shi da baki. Matarsa Safara'u ta zo wurin matata da 'yar kwalbar maganin a ƙulle a gefen zane. Na sansana, warin ne sak. Amma ina na sani ko giya ma haka take? Bai daina zuwa masallaci ba, sai dai ya koma sahun ƙarshe, kafin in juyo ya fice. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Na yi niyyar zuwa Sabon Gari, gidan wata mai burukutu, in sansana daga bakin ƙofa in dawo. Kafin in kai lungun na haɗu da mutanen da suka san ni, na ce ragona nake nema. Ba ni da rago, kuma har yau ana yi mini jaje. Alhaji ya ce bayan kasuwa mai zuwa zai ba wani motar Ƙasimu. In na faɗi gaskiya garin nan zai yi mini dariya har in mutu. In koma Sabon Garin ne, ko in yi shiru?

Naka,
Mai Neman Rago

AMSA

Malam Ladan,

Kada ka koma Sabon Gari. Ragon ya isa haka.

Alhaji bai yi laifi da kafa doka ba. Mota cike da mutane a kan gada ba abin wasa ba ce, mutumin Lajawa shaida ne. Kuskurensa shi ne ya nemi mai gane giya ya ɗauko wanda bai taɓa ganinta ba. Naka kuma shi ne gyaɗa kai. Je ka sami Alhajin kafin kasuwar, ku biyu, ka faɗa masa yadda ka faɗa mini.

Ba na ce Ƙasimu ba ya sha ba, ban san shi ba, kuma mai sha yana iya fakewa da ciwon haƙori. Ku ɗauke shi da kwalbar ku kai wa malamin asibiti, ya duba haƙorin ya duba maganin. Aikin sansana kuwa a ba wanda ya taɓa sha ya tuba, ba garin da ya rasa irinsa. A haɗa da zana layi a ƙasa, kowane direba ya bi shi ya je ya dawo kafin ya taɓa makulli.

A fara da Bilya, a ce ya zo ba kanumfari, kuma ya tsaya nesa da abin jingina. Kafin a yi haka, kada ka bar kowa naka ya hau motarsa.

Dariya za a yi maka, babu shakka, amma za ta ƙare kafin a gama awon gyaɗa. Sunan mashayi ba ya ƙarewa, har 'ya'yan mutum yake bi. In malamin asibiti ya wanke Ƙasimu, to a tasha ka ɓata shi ranar kasuwa, a tasha za ka wanke shi ranar kasuwa, ba a zauren Alhaji cikin raɗa ba. Hancinka bai yi wa kowa amfani ba, amma duk Wudil ba wanda ya kai ka murya.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya ba Ƙasimu sauƙin haƙori, ya maido shi sahun gaba.

Malam Babba