Na Ɗaure Mata Hannun Hagu Tana Ƙarama, Yanzu da Shi Take Harbi

Assalamu alaikum Gwaggo Tasallah. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki yi mini dariya. Na san tun da kika buɗe wannan fili ba a taɓa kawo miki maganar bindiga ba, balle daga bakin mace mai jikoki uku.

Ni 'yar Haɗeja ce, aure ya kawo ni Madina shekara ashirin da tara da suka wuce. Maigidana ɗan ƙasa ne, kakansa ne ya zo aikin hajji a ƙafa ya zauna. Muna zaune a Harra ta Gabas. 'Ya'yanmu huɗu, kuma irin tarbiyyar da aka yi mini ita na yi musu. Yaran yanzu da ke amsa kiran uwa daga kwance, suna miƙa wa babba abu da duk hannun da ya zo musu, ba dai a gidana ba.

Autata, zan kira ta Sundus, ta gama jami'a bana. Shekara biyu ke nan da ta shiga wani nadi inda ake koya wa mata harbi, ana kafa takarda mai baƙin ɗigo a tsakiya suna aunawa. Da farko na hana. Na ce 'ya mace da bindiga ina dalili. Abin da ya karya mini gwiwa shi ne ranar da ta dawo daga nadin na ɗauki abayarta zan wanke, sai na ji ƙanshin albarushi. Gwaggo, zama na yi a bakin injin wanki na rasa inda nake.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maharbi ne. Da sanyin asuba yake fita fadama, hantsi ya dawo da agwagin ruwa rataye a kafaɗa, ƙafafunsa duk taɓo. Bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzu a zaure ya hau goge bindigarsa, ni ce mai riƙe masa tsumma da kwalbar mai. Bai taɓa bari na taɓa ta ba. Yayana Sagiru shi aka koya wa, shi kuwa ƙwallo ce a ransa. Ni da ke raɓe a bayan bishiya na fi shi sanin lokacin da Baba ke ɗauke numfashi kafin ya taɓa kunama. Da ya rasu ina nan, ban je ba sai bayan arba'in, kuma har yau ban san wanda ya ɗauki bindigar nan ba. Na yi tambaya, kowa ya ce bai sani ba.

To shi ya sa na yi wa yarinyar nan alkawari, in ta gama karatu lafiya zan saya mata bindiga tata ta kanta, ta huta da aron ta nadi, daga abin da nake samu na turaren wuta da humra. Irin wadda suke amfani da ita ƙarama ce, nan suna ce mata harraza, mai lamba ashirin da biyu, harsashinta bai kai ɗan yatsa ba, ba ta da ƙara sosai kuma ba ta dukan kafaɗa. Yayanta Abdallah ya kai ni shagon da ake sayarwa. Na ga wata mai ƙotar katako, launinta kamar dabino, sak irin ta Baba, kuɗinta kuma daidai ƙarfina. Na dawo da murna na nuna mata hoton a waya. Ta duba ta miƙo mini wayar. Daga baya Abdallah ya gaya mini abin da duk gidan suka sani ban da ni: a kafaɗar hagu take ɗora bindiga, da idon hagu take saiti, kuma mai koya musu ta ce wadda ƙarfen ɗurinta, wanda ake ja a sa harsashi, ke gefen hagu ta fi dacewa da ita. Irin wannan sai an yi oda an jira, kuɗinta kuma ya kusa ninka na waccan.

Ga inda gizo ke saƙar. Sundus bahaguwa aka haife ta. Ni na gyara ta. In an zauna cin abinci sai na ɗaure mata hannun da ɗankwalina a baya, in ta ɗauki fensir da shi ta sha ludayi. Tana kuka ina yi, domin gata nake mata. Kafin ta shekara shida ta koma dama, surukata har yabo ta yi mini a gaban mutane. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe shekara biyu tana ɓoye mini. Raina ya ɓaci, na ce mata hagu hannun tsarki ne, ba da guminna za a saya masa kaya ba. Ta amsa mini da Larabci, kamar yadda suka saba, a hankali ba da rashin kunya ba, cewa hannun na ɗaure amma idon ba wanda ya ɗaure shi.

Tun ranar tana gaishe ni, tana aikinta, amma ta daina kawo mini takardun da ta harba in gani. Dā har ƙofar firji muke manna su. Suna da gasa bayan Babbar Sallah. Babanta ya ce tsakaninmu ne. Gwaggo, wacce zan saya? Mai koyarwar ba za ta iya mayar da ita dama ba, kamar yadda na yi? Alkawari kaya ne, amma ba na son in warware da hannuna abin da na gina.

Taki,
Uwar Auta, Harra ta Gabas

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ban yi dariya ba. Ban san bindiga ba, don haka na nemi wani tsohon mai koyar da harbi ya yi mini bayani kafin in amsa miki.

Ya ce a harbi ido ne shugaba, hannu mabiyi ne. Wanda idonsa na hagu ya fi ƙarfi, in aka tilasta masa dama, zai iya koya, amma da wahala da ɓata lokaci, kuma ba wata biyu kafin gasa ake wannan ba. Game da zaɓi kuwa, ya ce kyan katako ba ya kai harsashi tsakiyar takarda. A duba bututun, mai ɗan kauri da nauyi ya fi tsayawa wuri ɗaya. A duba kunama, ta zama mai laushi wadda ake iya daidaitawa. A duba tsawon ƙota, ya yi daidai da hannun mai ita. A ɗauki wadda ake ɗura wa harsashi ɗaya-ɗaya da hannu, a guji mai ɗura kanta, domin tana watso kwanso ta dama, wato ta gaban fuskar bahago. A kuma rage kuɗin gwada harsashi iri biyu ko uku, don kowace bindiga da wanda ta fi so.

Ga labari mai daɗi ga aljihunki. Ya ce bahagwai da yawa suna harbi da mai ƙarfen ɗuri a dama, muddin ƙotar ba a sassaƙa ta don kuncin dama kaɗai ba. Kuma a nadi akan sami mai sayar da tasa da aka riƙe da kyau. Saboda haka ba lallai sai mai tsadar ba. Amma wannan hukunci na kafaɗar Sundus ne, sai ta ɗora ta harba ta ga inda harsashi biyar suka taru. Takardar izini kuma ita ce farko, ta hannun hukuma, da akwatin ƙarfe mai makulli saboda jikokinki.

Yanzu ni da ke. Koya wa yaro ci da sha da miƙa abu da dama tarbiyya ce mai kyau, kin yi, ta kama, har yau tana kai. Ba abin da ya warware. Ni dai ban taɓa jin an hana saiti da idon hagu ba, in kina da shakka ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Amma ɗaurin nan da ludayin nan, ko da niyyarki alheri ce, yarinya ta ji zafinsu, shi ya sa ta ɓoye miki shekara biyu. Yarinyar da ke tsoron ɓacin ranki har haka ba mai raina ki ba ce. Kuma ki yi haƙuri in faɗa miki gaskiya, waccan mai launin dabino ke kika zaɓar wa kanki ita, don kewar mahaifinki. Wannan ba laifi ba ne, sai dai ba ke za ki harba ba.

Ki sa Abdallah ya kai ki nadin nan ranar da take atisaye, ki zauna a bayanta ki kalla har ta gama. A hanyar dawowa ki gaya mata iyakar abin da kike da shi, ki ce ta je da mai koya musu su zaɓa. Maganar ɗankwali kuwa, kalma ɗaya ta haƙuri daga bakin uwa ba ta rage mata girma, ki faɗe ta tun kafin Sallah.

Allah ya shirya tsakaninku, ya ba auta sa'a a gasarta, ya sa albarka a sana'arki.

Gwaggo Tasallah