Fuskarki Kaɗai Ta Rage

Zuwa ga Nienke, hasken idona, sanyin zuciyata, ranar da ke keto gajimaren Rotterdam bayan ruwa ya gaji da zuba, furen da ya fito tun sanyi bai gama tafiya ba,

Na gan ki! Na rantse miki ban neme ki ba, amma na gan ki. Ranar da kika haɗa kayanki kika ce kada in biyo sawunki, na yi miki alkawari, kuma na riƙe shi har yana neman kashe ni. Ban tambayi kowa inda kika koma ba. Ko wannan wasiƙa yayarki Saskia zan ba, ta kawo miki in ta ga dama.

Tsoho Verhoef, maigidana, ya samo mana kwangilar ɗaukar garin nan kaf daga rufin sabon dogon benen da ke bakin kogi. Na kafa kyamara ta yi ta juyawa tana ɗauka yanki-yanki, tun daga tashar jiragen ruwa har gadoji. Na sauko na ɗinke su a kwamfuta suka zama hoto ɗaya, wanda in ka zuƙo shi har kyanwa a taga kana gani. Kin san ƙa'idar aikinmu: ba a miƙa irin wannan hoto sai an dusashe duk fuskar da ta fito. Na zauna ina bin gari layi-layi, masu keke, mai sayar da kifi, tsofaffi a kan benci, ina shafe su ko a jikina. Sai na iso wata baranda a arewacin kogi, ga mace tana ba tumatir ruwa, ta ɗago kai tana duban sama. Na kasa shafe ta.

Wayyo Nienke! Ko a cikin mutum dubu ɗari, ta yaya zan kasa gane wannan wuya, da gashin nan da iska ba ta taɓa barinsa ya kwanta ba? Kin tuna ranar da kika bi ni rufin wani otal, iska na neman ɗauke mu? Kika rungume ƙafar kyamara don kada ta girgiza, idonki a rufe, kina yi mini tsiya wai gajimare ya kamata in aura, tunda shi nake wa zaman jira. Muka raba burodi da cuku, gahawar da muka zo da ita ta huce, kika yi dariya har da hawaye. Tun da kika tafi ban hau wani rufi na ji daɗin abin da na gani ba.

Yanzu na san layinki, na san hawanki, na san launin labulenki. A keke ba nisa. Na saka takalmi na cire ban san adadi ba, alkawari ya mayar da ni kujera. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, kujeru biyu ne a barandar nan. Biyu, Nienke! Na zuƙo hoton har ya farfashe, ban ga kowa a kan ta biyun ba, ban ga kofi ba, ban ga riga ba. Ta wa ce? Ta Saskia? Ta baƙi? Ko wani ne ya shiga ciki ɗauko miki shayi a daidai lokacin da kyamarata ta wuce?

Verhoef ya leƙo ya gan ni a gaban hotonki ya ce, wai ko in shafe yarinyar nan ko in je in auro ta, shi dai ranar Juma'a yake son hotonsa. Na gama da kowa a garin nan, fuskarki kaɗai ta rage.

Ina roƙonki, ya ruwan da ke kashe ƙishina, ki sake ni daga wannan alkawari. Kalma ɗaya ki ba Saskia kafin Juma'a: zo. In kuwa kujerar ta wani ce, kada ki ce komai, zan gane. Zan shafe fuskarki da hannuna, a rataye hoton a zauren benen, jama'a su yi ta neman rufin gidajensu a ciki, ni kuma in riƙa zuwa ina tsayawa gaban wata mata da babu wanda zai iya ganewa.

Naki ne ni, ki kira ko ki yi shiru, har ranar da idona zai daina gani,

Tijmen