A Zo a Auna Ruwan da Otal Ke Zubo Muna

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ranka shi daɗe, ni ne Umaru Maialbasa, manomin lambu a Dundaye. Na kawo kukana jarida ne saboda na zo ofishinka har takalmana suka suɗe, masinja bai taɓa bari na wuce benci ba.

Na farko, ga abin da ya same mu. Tun da arzikin man fetur ya buɗe, 'yan kwangila suka cika gari, aka gina wani babban otal a tudun da ke sama da fadamarmu. Ba mu yi baƙin ciki ba, har yaranmu sun yi lebura a wurin. Amma da aka buɗe shi, sai ga lambatu an jawo daga bayan katanga, an sako bakinsa cikin kwarin da muke ban ruwa. Ruwan wanki mai kumfa, dauɗar kicin, baƙin mai na injin wuta, har da abin da kunya ta hana ni faɗi, duk nan suke kwarara dare da rana.

Ranin bara na dasa albasa kamar yadda na gada. Ganye ya yi ja tun daga baki, ya kwanta, na tono kai ya ruɓe a hannuna. Na ce ƙaddara ce. Sai ɗiyata Hassi, wadda ke jan guga, hannuwanta suka yi ƙuraje har fata na saɓulewa. Bayan ƙaramar Salla mahaifiyata, tsohuwa mai ƙarfinta, ta kwanta da gudawa. A asibiti aka tambaye ni inda muke shan ruwa. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma har yau sai an riƙe ta take fita tsakar gida.

Rijiyar masallacinmu ma ba ta tsira ba. Liman ya ɗebo, ya duba, ya sunsuna, ya ce launi da wari sun jirkice, alwala ba ta inganta da shi. Ranka shi daɗe, a garin Shehu, dattawa na taimama da ƙasa a gefen rijiya cike da ruwa!

Na biyu, abin da ya fi ƙona mini rai. Da na samu ganin wani jami'inku mai kula da tsabtar gari, ya saurare ni yana kallon agogo. Ya ce su masana'antu suke aunawa, masu hayaƙi da masu jimar fata, amma otal ba ya ƙera komai, hidimar baƙi kawai yake yi, don haka ba ya cikin abin da aka ɗora musu. To, in ba ya ƙera komai, wa ya ƙera abin da ya kashe mini albasa? Baƙon da ya kwana ya tashi ya tafi, amma ruwan da aka wanke zanen gadonsa yana nan wurinmu. Ƙazanta sai ta fito ta bututun hayaƙi kuke kiran ta ƙazanta?

Da muka matsa, da ni da maigari, aka turo mota da mutane da kwalabe. Muka yi shimfiɗa a bakin kwari muna jira. Motar ta shige otal, suka cika kwalabensu a famfon da baƙi ke sha, aka kai musu abinci, suka juya. Ko taya ba ta sauko fadama ba. Daga baya aka aiko muna cewa an auna, ruwa lafiya lau.

Kuma wannan gwamnati ce da duba-gari ke shiga gidajenmu, in ya ga tsutsa ɗaya a randa ya fasa ta, ya kai maigida gaban alƙali. Talaka randarsa, mai otal kwari guda. Wane irin mudu ne wannan?

Na uku. Manajan otal ya aiko mini da ɗan saƙo: in sayar masa da lambun su yi wurin ajiye motoci, shi kuma ya ba ni gadi. Maƙwabcina Sahabi ya gaji ya karɓa, yanzu yana buɗe wa motoci ƙofa a kan ƙasar da ubansa ya nome. Ni na ƙi.

Saboda haka ina roƙon a turo masu awo su ɗebi ruwa a bakin lambatu, da cikin kwari, da rijiyar masallaci, a gabanmu, a kuma karanta muna sakamako da Hausa. A tilasta wa otal ya haƙa ramin dauɗarsa cikin katangarsa. Sannan a sa otal-otal, da gidajen wanki, da garejin makanikai cikin abin da kuke aunawa, tun kafin wata unguwa ta sha abin da muka sha.

Lokacin zuba iri ya matso. Irin albasata na nan cikin tukunya, shi kaɗai ya rage mini, kuma ba zan zuba shi a ƙasar da ban san abin da ke cikinta ba. Amsarka nake jira.

Allah shi ba ka ikon riƙon amana, shi haɗa ka da mashawarta masu faɗa maka gaskiya, shi sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Umaru Maialbasa,
Dundaye, Sakkwato.