Tara da Sittin da Biyu

Fagge, Kano, 8 ga Janairu 1956

Zuwa ga ƙanena Inusa, gaisuwa mai yawa. Ina fata kowa lafiya a Matameye.

Bayan haka, na samu saƙon cewa ɗana Salisu ya ci tara a jarrabawar lakwal, makarantar bokonku ta can. Inusa, tara? Ɗan Alhaji Sani mai masaukina, tsaransa, sittin da biyu ya kawo daga elementare, har da yankan zakara. Da Alhaji ya tambaye ni nawa, sai na tsiri tari. Kunya ta ishe ni. Ko yaron ne daƙiƙi, ko lakwal ɗin Faransa ba ta da albarka. Ka bincika mini. In lakwal ce, ka aiko shi Kano ranar kasuwa, ko uwarsa Baiwa ta so ko ta ƙi.

Yayanka Bawa.

Matameye, 20 ga Janairu

Yaya, gaisuwa da ladabi.

Baiwa ta daina cin abincin kirki tun da ta ji takardarka, ta ce da wa za ka bar ta. Salisu kuwa ya ɗaure kayansa. Ya ba ni tausayi.

Na bar rumfar gerona na bi yara ɗaya ɗaya. Ɗan liman shida ya ci, ɗan Shekara maƙeri huɗu. Na hau jaki har Kance don in ji nasu, can ma ba wanda ya wuce takwas. Abin ya ɗaure mini kai. Ƙasa guda ba za ta cika da daƙiƙai ba, ga shi yaran suna lissafi kamar 'yan koli. Ka ba ni mako ɗaya in ga mushe, malaminsu.

Ƙanenka Inusa.

Matameye, 27 ga Janairu

Yaya, gaisuwa.

Na ga mushe. Sai da ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce, "Malam Inusa, kai da ke awo, ka taɓa sayen gero ba ka duba girman tiya ba?" Ashe su a kan goma suke awo. Goma ita ce maƙura, Salisu ya ci tara, shi ne na ɗaya a ajinsu.

Yanzu kai ma ka tambayo mana, tiyar Kano nawa take ci? Ina son in sani ƙwarai.

Inusa.

Fagge, 6 ga Fabrairu

Inusa, gaisuwa.

Na tambaya. Ɗari ce.

Ka ce wa Salisu ya kwance kayansa. Ka ce wa Baiwa ta yi haƙuri, ka yanka masa zakaran nan nawa ja. Na zage shi a zuciyata wata guda, kuma abin yana cina.

Alhaji Sani bai sani ba tukuna. Jiya ya sake tambayata, na sake yin tari, amma wannan karon don shi na yi.

Yayanka Bawa.