Ledar da Na Naɗa wa Keken Yunana

Malam mai filin shawarwari,

Bayan gaisuwa, ina roƙon ka ba ni wuri in yi wata muhimmiyar sanarwa ga jama'ar ƙasa baki ɗaya: ranar Talatar da ta wuce, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, na yi wa kekena iska. Taya biyun duka. Ba a kaɗa ganga ba, rediyo bai faɗa ba. Shaida ɗaya ce tak, matata Lauratu, ita ma tsayawa ta yi da tsintsiya a hannu tana kallona kamar ta ga jaki na karanta jarida. Wata goma sha ɗaya ke nan keken yana jingine a zaure, har kaji sun mai da kariyarsa wurin hutawa. To Malam, ka taimake ni don Allah. Iska ta shiga taya, amma ni ban san ko zan iya hawa ba, ga shi saura mako uku ranar da ake jiran in hau.

Ni malamin makaranta ne a Dutsin-Ma, shekara ashirin da ɗaya ina koyar da labarin ƙasa. Na san sunan koguna ɗari waɗanda ban taɓa tsoma ƙafa a cikinsu ba. Ina da aboki, Yunana, malamin gona, mutumin Kudancin Zariya da aiki ya kawo garinmu. Juma'a tawa ce, Lahadi tasa ce, Asabar kuwa tamu ce. Kowace Asabar mukan hau keke mu tafi Kurfi gaida Gogo, ƙanwar mahaifina. Ita ba ta taɓa yarda ta kira shi Yunana ba, sai Malam Yunusa, shi kuma yakan amsa da ladabi saboda ya san furar da take dama masa ta fi tawa nono.

Ban san ko ka taɓa bin hanyar nan da kaka ba. Mukan fita rana na ɗagowa, raɓa ba ta gama bushewa ba. Dawa ta fi mai keke tsawo, sai ka ji kamar cikin ruwa kake tafiya, kawunanta na kaɗawa a samanka. Duwatsu na kwance can nesa kamar shanun da suka ƙoshi. Ba ka jin komai sai ƙarar taya a kan kwalta da kukan kurciya, wani lokaci matan Fulani su ratsa da ƙore a ka, su wuce kamar ba a ƙasa suke takawa ba. Shi yana gaba yana mini wa'azin takin zamani, ni ina baya ina ba shi labarin teku. Mun yi alkawari idan muka yi ritaya za mu hau keke har bakin teku. Na zana hanyar da jan biro a wata tsohuwar taswira. Ya ce shi zai riƙe famfo da kayan faci, tunda ni mutum ne mai ilimin duniya wanda bai iya toshe hujin ƙaya ba.

Ina ta kewaye-kewaye, na sani. Ga maganar.

Bara Yunana ya sayi sabon keke. Ka san al'adarmu, sabon keke ba a barinsa tsirara. Sai an naɗe shi da leda mai launi tun daga kai har baya, don kada fenti ya ƙwarzane. Ni kuwa, ba yabon kai ba, a unguwarmu an san hannuna a wannan aiki. Na je ƙofar gidansa da leda koriya da rawaya. Matarsa Salomi ce ke riƙe da almakashi tana yanko mini, shi yana zaune a kujera yana shan kunu, yana cewa da haka nake gyara darasina da tuni an ba ni hedimasta. Da na zo baya, sai na iske danja, ɗan jan gilashin nan da ke ƙyalli idan fitilar mota ta haska shi, da farin fentin da ke ƙarƙashinsa. Na ga idan na tsallake wurin, adon zai yanke. Na kuma yi tunani irin na masu hankali, na ce ai wannan gilashin shi ya fi komai saurin fashewa, gara a kiyaye shi. Na naɗe shi ruf, ninki biyu.

Na kiyaye danja, Malam. Har yau ko ƙwarzane babu a jikinta.

Asabar ta uku bayan haka muka iske Gogo da zazzaɓi. Na ce zan kwana. Yunana ya zauna da mu har la'asar ta yi sanyi, sannan ya ce dole ya koma, gobe shi ke da karatu a coci. Kullum ni ke bin bayansa da tsohon kekena wanda ledarsa ta daɗe da zubewa. Ran nan babu kowa a bayansa. Wajen magariba, ta yankin Rawayau, wata babbar mota mai ɗauke da buhunan hatsi ta same shi ta baya. Direban ya yi ta rantsuwa bai gan shi ba. Gari ya ce ƙarya yake, duk direba haka yake faɗa. Ni ma na faɗa, da ƙarfi ma, a gaban mutane.

Yanzu ga abin da ya taso. Labaran mai gyaran keke na bakin kasuwa da Kefas, dattijo a cocin su Yunana, sun haɗa kai. Sun ce ranar Asabar da Yunana zai cika shekara da rasuwa, duk mai keke a garin nan, malamai da masinjoji da teloli da 'yan tireda, a fito a tafi Kurfi a jere, sannu a hankali. A tsaya inda abin ya faru kowa ya yi addu'a irin tasa, a kuma shiga tasha a roƙi direbobi su riƙa sassautawa idan sun ga mai keke. Da na ji, dariya na yi. Na ce wa Labaran kakanninmu a kan tabarma suke tuna mamaci, ba da gumi da haki ba. Ya ce ai Malam kai ma za ka iya zuwa da tabarmarka, sai mu ɗaura ka a kariya. Yau mutum kusan sittin sun ce za su fito.

Sai Salomi ta zo gidana. Ta gaisa da Lauratu, sannan ta ce a kira mata Baban Kyauta, haka take kirana da sunan 'yata. Ta ce ta sa Labaran ya gyara keken Yunana, kuma babu wanda zai hau shi a gaban jama'a sai ni, tunda ni na san yadda yake tafiya. Ta ƙara da cewa ta sa an sake naɗe shi kore da rawaya, daidai yadda na yi, domin Yunana ya yi ta alfahari da wannan naɗin. Na je na gani. Labaran mutum ne mai amana, ya kwaikwayi aikina bai bar komai ba, har danjar ya rufe, ninki biyu. Ba shi kaɗai ba. Rabin masu fitowar suna ta sabon naɗi saboda girman ranar, har ledar ta yi wuya a kasuwa.

Ka ga inda nake. In na yi shiru, zan ja mutum sittin mu je mu yi wa direbobi nasiha, alhali yawancinmu ba mai ganinmu ta baya. In na sa hannu na ɓare ledar, za a tambaye ni dalili. Salomi ba yarinya ba ce. Za ta tuna wanda ya naɗa, za ta kuma tuna wadda ta riƙe almakashi. Ko Lauratu ban gaya wa ba.

Kwanan nan sai ina cikin aji, ina nuna wa yara kogi a taswira, in ga layin ya koma hanyar Kurfi. Dawa ta rufe gefe da gefe, kore da rawaya na can gaba yana ƙanƙancewa, ina ta buga ƙararrawa ba ya waiwayowa, hanyar kuma ba ta tsaya a Kurfi ba, ta miƙe har inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara. Sai in ji yara na dariya, ashe na daɗe tsaye da sanda a sama.

In gaya mata ko in bar ta da ɗan abin da ya rage mata? In hau ko in ce ƙafata na ciwo?

Naka,
Mai keke a zaure, Dutsin-Ma.

Amsa

Malam mai keke a zaure,

Na karɓi sanarwarka, na kuma taya tayoyinka murna. Allah ya ba ka haƙurin rashin aboki. Maganar ciwon ƙafa kuwa, bar ta. Mutumin da ya iya famfo taya biyu ba zai ruɗi kowa da ɗingishi ba.

Bari mu fara rage maka kaya, domin ka ɗauki har da wanda ba naka ba. Ba ka san abin da direban nan ya gani ba, ni ma ban sani ba. Ba mu san gudun da yake yi ba, ba mu san ko ya kunna fitila ba, kuma danja ba ta magana sai an haska ta. Kwanan Yunana a hannun Allah suke. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce ledar ba komai ba ce. Mai yiwuwa tana da hannu. Abin da ka yi, abin da gari duka ke yi ne, ka kuma yi shi ne don ƙauna, sai dai kai kaɗai ne ka gane illarsa. Wannan ganewar ita ce nauyin da ke kanka yanzu, kuma ba a aje ta a zaure.

Shirunka yana da hujja, na yarda. Salomi na kallon wannan naɗi tana ganin mijinta yana dariya da kofin kunu, kai kuma za ka taɓa mata wannan. Za ta iya yin fushi. Za ta iya ɗora wa kanta laifin almakashi. Za ta iya cewa ta fasa ba ka keken. Duk wannan gaskiya ne. Amma ka dubi ɗaya gefen. Ledar nan dole ta fita daga kan danjar mutum sittin, wannan ba abin shawara ba ne, domin kowannensu yana da wadda ke jiransa a gida. Kuma ranar da ta fita, Salomi za ta gane, ko ka yi magana ko ba ka yi ba. Zaɓin da ya rage maka ƙarami ne: ta ji daga bakinka a tsakar gidanta, ko ta gano da kanta a bakin titi, mutane na kallonta. Na farkon ya fi mutunci.

Don haka ka fara da Lauratu, yau. Sannan ku tafi tare, da rana, cikin wannan makon, kada ka bari sai ana gobe. Ka yi gajeren bayani, ba irin na wasiƙarka ba, ka bar duwatsu da kurciyoyi a gida. Ka ce kai ka ga gilashin, kai ka yanke shawara, kai ka naɗa. Wanda ya miƙo leda bai san inda za ta sauka ba, ka faɗa mata haka ƙarara. Kada ka je neman ta lallashe ka. In ta yi kuka, ku zauna. In ta yi shiru, ku ba ta kwanaki. In ta ce wani ya hau keken, ka ce to, ka hau naka ka bi baya, dama can wurinka ne.

Bayan nan ka sami Labaran da Kefas. Ba sai ka yi ikirari a gaban taro ba. Ya isa a ce kafin a tashi kowa zai buɗe danjarsa da farin fentin baya, sauran keken kuma ya sha ado yadda mai shi ke so. Wanda tasa ta fashe, Labaran ya sa masa wata. Ku sanar da 'yan sanda da masu gari tun da wuri, ku tafi ɗaya bayan ɗaya a gefen hanya, ku juyo kafin la'asar. Idan kun shiga tasha, ku gaya wa direbobi abin da kuka gyara a naku ɓangaren kafin ku roƙe su nasu, za su fi saurara. Direban nan kuma, ka daina kiransa maƙaryaci, tunda ba ka da tabbas.

Allah ya sanyaya zuciyar Salomi, ya ba Gogo lafiya, ya kai ku Kurfi ya dawo da ku cikin aminci.

Saura abu ɗaya. Da na kai tsakiyar wasiƙarka na riga na shirya maka zolaya, ina cewa ilimi ya yi wa malamin Dutsin-Ma yawa, wane mai hankali ne zai rufe danja. Sai na fita shan iska na dubi keken da nake hawa zuwa ofis shekara huɗu. Shuɗiya ce ledar da ta rufe tawa danjar. Na ɗauka ni mai lura ne, ashe na yi kuskure.